Mutum Biyar a Sahun Gaba: Tarihin Katangar Nebraska



A kakar wasa ta 1994, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Jami'ar Nebraska ta buga wasa 13 ta cinye duka, ta zama zakaran jami'o'in ƙasar. Masana wasan sun haɗu a kan cewa ƙarfinta yana wurin wasu ƙarti biyar da ke tsayawa a sahun gaba suna buɗe wa sauran hanya. Da kakar ta ƙare, huɗu daga cikin biyar ɗin suka gama wa'adinsu suka tafi. A lissafin da aka saba, shekarar da za ta biyo baya ta faɗi-tashi ce, domin duk filin babu gurbin da ya kai wannan buƙatar gogewa. Sai ga shi a 1995, da sababbin mutum huɗu, ƙungiyar ta sake cinye wasanninta 12, har ta fi ta 1994 ɓarna.

To, in dai gogewa ce ke riƙe da sahun gaba, a ina waɗannan sababbin suka samo tasu? Amsar tana cikin tarihin da ya faro tun 1937, shi za mu bi yau.

Wasan a taƙaice

Da yake yawancinmu ƙwallon Turai muka sani, bari mu fara da shimfiɗa. Ƙwallon Amurka 'yar uwar zari-ruga ce: a hannu ake ɗaukar ta, a jefa ta, a ruga da ita. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, filin kuma yadi 100 ne daga wannan gida zuwa wancan. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci gaba da yadi 10. In sun cika, a ƙara musu wasu huɗun. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita gidan abokan karawa ya samo maki 6.

Kowace dama tana farawa ne da sahu biyu a duƙe suna fuskantar juna, tazarar da ke tsakaninsu tsawon ƙwallon ce kawai. A sahun masu hari akwai mutum biyar da za mu kira 'yan katanga. Ɗan tsakiyarsu shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga kwatabak, wato madugun harin. Dama da hagunsa akwai dogarai biyu, sai 'yan gefe biyu a ƙarshe. Doka ta hana su karɓar ƙwallon da aka jefo gaba, lambobin rigunansu ma na daban ne, daga 50 zuwa 79. Aikinsu biyu ne. In gudu za a yi da ƙwallo, su ture masu tsaro su buɗe kafa. In jifa za a yi, su tsare madugu na daƙiƙa biyu zuwa uku har ya hango wanda zai jefa wa.

Abu biyu ne ke sa aikin cin shekaru kafin a iya shi. Na farko jiki. Yaron da ya baro sakandare yana shekara 18, ko da ya yi tsawo da faɗi, ƙarfinsa bai kai na ɗan shekara 22 da ya yi shekara huɗu yana ɗaga ƙarfe ba. Ɗan gudu yakan haska tun shekararsa ta farko, saboda sauri da shi ake zuwa. Ƙarfin ture mutum mai kilo 130 kuwa, tara shi ake yi.

Na biyu kai. Kafin a miƙa ƙwallo, ɗan tsakiya zai karanta yadda masu tsaro suka jeru, ya faɗa wa kowa wanda zai tare. Da an miƙa, masu tsaron na iya sauya gurbi, wannan ya kewayo ta bayan wancan. Sau da yawa mutum biyu ke haɗuwa su ture ɗaya, sannan ɗayansu ya sake shi ya wuce ga na bayansa. Wa zai saki, kuma yaushe? Babu lokacin magana, ga ihun dubban 'yan kallo a kunne. Sai dai kowa ya san halin maƙwabcinsa ta kafaɗa. Huɗu su yi daidai ɗaya ya kuskure, damar ta tafi a banza. Ko motsi ɗayansu ya yi kafin lokaci, alƙalin wasa zai mai da ƙungiyar baya da yadi 5.

Yadda katangar ta samu

A farkon wasan babu tsararren sahu. Walter Camp na Jami'ar Yale ne ya kawo dokar layin da ake farawa a kansa a 1880. Shekarun da suka biyo baya na turereniya ne: ƙungiya ta dunƙule wuri ɗaya, a riƙe juna, a afka wa mutum ɗaya. A 1905 kaɗai aƙalla 'yan wasa 18 suka mutu, a shekarar kuma Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa. A 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba. A 1910 aka wajabta wa masu hari tsayar da mutum bakwai a kan layi, aka kuma hana riƙe juna da jan mai ƙwallo. Bakwai ɗin nan, in muka cire biyun ƙarshe da aka yarje wa karɓar jifa, su ne biyar ɗinmu.

Sai dai har tsakiyar ƙarni na 20, ɗan wasa ɗaya ne ke yin hari ya kuma yi tsaro, kusan minti 60 ba hutu. Mai irin wannan aiki ba zai ɗauki jiki mai nauyi ba. Vince Lombardi, wanda ya yi dogari a shahararren sahun Jami'ar Fordham na 1936, bai kai kilo 90 ba. An sassauta dokar canjin 'yan wasa a 1941, aka ƙuntata ta a 1953, sai a 1965 aka sake ta gaba ɗaya. Daga nan ɗan katanga ya zama mai sana'a ɗaya tak, jami'o'i kuma suka shiga neman hanyar da za su raine shi a kanta.

Jar riga

Nebraska jihar noma ce a tsakiyar Amurka, ƙasar masara da shanu. Laƙabin ƙungiyar ma, Cornhuskers, ma'anarsa masu ɓare masara. A ƙidayar 1990 mutanen jihar ba su cika miliyan 1.6 ba. Sanyinta mai tsanani ne, kuma ba ta fitar da ɗimbin taurarin sakandare kamar Texas ko Florida ko California. Wanda ba zai tsinci gwanaye a ƙofar gidansa ba, dole ya koyi yin su.

Dabarar farko ta girmi kowa a labarin nan. A 1937 wani ɗalibi mai suna Warren Alfson, dogari, ya tarar gurbinsa cike da manya. Sai ya nemi a bar shi ya riƙa atisaye da ƙungiyar ba tare da ya buga wasa a shekarar ba, don kada ya ƙona shekara guda a benci daga cikin waɗanda doka ta ba shi. Aka ba shi jar riga marar lamba. Da lokacinsa ya yi, ya shiga jerin gwanayen ƙasa na 1940, ƙungiyar kuma ta je babban wasan Rose Bowl a Janairun 1941. Gare shi ake danganta abin da har yau ake kira jar riga: ɗalibi yana da shekara biyar da zai buga huɗu a cikinsu, ɗayar ta zama ta girma da koyo.

Kafin 1972 doka ba ta barin ɗan ajin farko ya buga wa babbar ƙungiya. Da aka ɗage ta, ƙofa ta buɗe a sa yaro a fili tun ranar da ya zo. Nebraska ta ci gaba da sa wa yawancin 'yan katangarta jar riga. Will Shields, wanda ya buga tun shekararsa ta farko a 1989, yana cikin 'yan tsirarun da suka tsallake wannan jiran.

Ɗakin ɗaga ƙarfe

Bob Devaney ya karɓi ƙungiyar a 1962 ya ɗaga ta, amma a 1967 da 1968 ta yi sanyi, nasara 6 shan kashi 4 a kowace shekara. A wasan ƙarshe na 1968 Oklahoma ta lallasa ta da ci 47 da nema.

A wancan lokaci masu horarwa da yawa sun yi imanin ɗaga ƙarfe yana sandarar da jiki ya rage sauri, wasu har hana shi suke yi. Akwai wani ɗalibi, Boyd Epley, ɗan tsallen sanda da ya ji ciwo a baya, yana jinyar kansa a ɗan ƙaramin ɗakin ƙarfe na jami'ar. 'Yan ƙwallon da suka ji rauni suka riƙa bin sa suna kwaikwayo, suka koma fili da ƙarfin da ya fi na da. Wani matashin mataimakin koci, Tom Osborne, ya lura, aka kai Epley gaban Devaney. A 1969 aka ɗauke shi a kan dala 2 a awa, da sharaɗin in ɗan wasa ko ɗaya ya rage sauri, a bakin aikinsa. Shi ake yawan lissafawa a matsayin kocin ƙarfi na farko da wata jami'a ta ɗauka aiki tsayayye.

Abin da Epley ya kawo bai tsaya ga ƙarfen ba, ya haɗa da awo. Nauyin da mutum ya ɗaga, tsallensa, gudunsa, duk a rubuta, a sake aunawa bayan watanni. Awon ya nuna sauri ƙaruwa yake yi. A 1969 Nebraska ta bi Oklahoma har gida ta rama da ci 44 da 14, a 1970 da 1971 kuma ta zama zakaran ƙasa. A 1978 Epley ya kafa ƙungiyar masu horar da ƙarfi ta ƙasa, NSCA, a birnin Lincoln, mazaunin jami'ar. Ga ɗan katanga, ma'anar wannan ita ce shekarar jar riga ta daina zama zaman jira kawai. Ta zama shekarar gina jiki a bisa tsari, da lambobin da ke nuna ko an ci gaba.

Baki ɗaya, shekara 29

Osborne ya gaji Devaney a 1973 ya yi kaka 25, bai taɓa kammala ɗaya da ƙasa da nasara 9 ba. A 1974 Milt Tenopir ya shigo, tsohon kocin sakandare, shi ya riƙe 'yan katanga har ƙarshen kakar 2002, shekara 29 ke nan. Yaron da ya shigo yana shekara 18 zai ji kalmomi iri ɗaya da takun ƙafa iri ɗaya daga baki ɗaya har ya fita yana 22 ko 23. Makarantun sakandaren jihar da yawa ma tsarin suke kwaikwaya, don haka wasu yaran a cikinsa suka taso.

Sai maganar yawa. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ƙayyade waɗanda jami'a za ta ɗauki nauyin karatunsu saboda ƙwallo: 105 a 1973, 95 a 1978, 85 daga 1994. Amma ba ta ƙayyade 'yan sa-kai ba, wato ɗaliban da ke biyan kuɗin makarantarsu da kansu su zo neman gurbi. 'Ya'yan manoma daga ƙananan garuruwa suka riƙa tururuwa, wasu daga makarantun da ba su da yaran da za su cika 11, sai dai wasan mutum 8. Yawan 'yan wasan yakan kai 150 ko fiye.

Da wannan yawan Osborne ke raba atisaye gida-gida a lokaci guda, ta yadda sahu na biyu da na uku ke maimaita dabarun kusan daidai da sahu na farko. A wurare da yawa ɗan benci tsayawa yake yi yana kallo. Ga kuma ƙari: da yake Nebraska takan yi wa ƙananan ƙungiyoyi nisa da wuri, 'yan sahu na biyu sukan samu lokaci mai tsawo a wasa na gaske, a gaban 'yan kallo.

Sakamakon ya fito a sunaye. Dave Rimington, ɗan tsakiya daga Omaha, ya ci kyautar Outland, wadda ake ba gwarzon ɗan sahun ciki na ƙasa, a 1981 da 1982. Har yau shi kaɗai ya ci ta sau biyu, kuma da sunansa ake ba gwarzon ɗan tsakiya kyauta tun 2000. Dean Steinkuhler daga ƙauyen Burr, wanda a wasan mutum 8 ya taso, ya ci ta a 1983. Shields ya ci a 1992. A zamanin Tenopir, sau 13 Nebraska ta fi kowace jami'a tara yadi da gudu. Daga baya aka yi wa sahun laƙabi da Pipeline, wato bututu: ana zuba yara ta wannan baki, ƙarti na fita ta wancan.

Shekara bakwai na shan kashi

Kada mu ɗauka katanga ita kaɗai ke cin kofi. Daga Janairun 1988 zuwa Janairun 1994, Nebraska ta sha kashi a wasan rufe kaka sau bakwai a jere, shida daga ciki a hannun jami'o'in jihar Florida: Florida State sau huɗu, Miami sau biyu. A Janairun 1992 Miami ta ci ta 22 da nema. Masu sharhi suka ce ƙattin masara sun yi nauyi, zamani ya wuce su. Osborne ya gyara inda ya ga gaskiya a sukar, ya nemo masu sauri a ɓangaren tsaro, ya sauya yadda tsaron ke jeruwa. Tsarin rainon katanga kuwa ya bar shi yadda yake.

Ranar 1 ga Janairun 1994 Florida State ta sha da ƙyar, 18 da 16. A kakar da ta biyo baya, sahun gaban Nebraska ya ƙunshi Rob Zatechka da Joel Wilks da Aaron Graham da Brenden Stai da Zach Wiegert, kowannensu ya haura kilo 120. Huɗu 'yan shekarar ƙarshe ne, Graham ɗan tsakiya kaɗai ke da saura. Wilks a ɗan sa-kai ya shigo daga garin Hastings. Zatechka ya gama digiri da cikakken maki, daga baya ya zama likita. Wiegert ya ci Outland a shekarar.

Jarrabawar da suka fuskanta ba wanda ya shirya mata. Bayan wasa huɗu, madugu Tommie Frazier ya kwanta da gudan jini a ƙafa. Wanda ya maye gurbinsa, Brook Berringer, ya samu rauni a huhu. A wasan da aka je gidan Kansas State, na uku a layi, ɗan sa-kai Matt Turman, shi ya fara. Kowa a filin ya san gudu za a yi da ƙwallo, masu tsaro suka taru a gaba suna jira, amma duk da haka Nebraska ta ci 17 da 6. Babu awon katanga da ya fi wannan: abokin karawa ya san abin da za ka yi, ya kuma kasa hana ka.

Ranar 1 ga Janairun 1995 aka haɗu da Miami a Orange Bowl, filin da yake gidan Miami ne a lokacin. A tsaronta akwai Warren Sapp da Ray Lewis, waɗanda daga baya suka zama manyan taurarin gasar ƙwararru ta NFL. Miami ta fara da 10 da nema, a zango na uku tana gaba da 17 da 7. Wasan zango huɗu ne, kowanne minti 15, kuma a na huɗun gajiya ta bayyana a jikin masu tsaron Miami. Sau biyu Cory Schlesinger ya ratsa ta tsakiyar sahu ya shige gida, na farko daga yadi 15, na biyu daga yadi 14. Aka tashi 24 da 17. Kofin ƙasa na farko ke nan ga Osborne, a kakarsa ta 22.

Amsar 1995

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Graham ya rage, aka haɗa shi da Chris Dishman da Aaron Taylor da Steve Ott da Eric Anderson. A takarda sababbi ne. A zahiri kowannensu ya riga ya yi shekara biyu zuwa huɗu a gidan, yana ɗaga ƙarfen Epley, yana jin muryar Tenopir, yana maimaita dabarun da manyansa ke yi, yana shiga fili idan wasa ya yi nisa.

A kakar ƙungiyar tana tara kusan yadi 400 da gudu a kowane wasa, kimanin yadi 7 a duk ɗauka ɗaya, da maki sama da 50. Ko sau ɗaya ba a kayar da madugu yana shirin jifa ba. Babu ƙungiyar da ta matso kusa da tazarar da ta gaza maki 14. Ranar 2 ga Janairun 1996, a Fiesta Bowl, suka ci Jami'ar Florida 62 da 24, da yadi 524 na gudu. Gaskiya ne Frazier ya dawo da lafiyarsa, tsaron kuma ya yi ƙarfi. Amma mu lura da Ahman Green, ɗan gudun da a shekararsa ta farko ya haura yadi 1,000. Shi bai jira ba. Waɗanda suka buɗe masa hanya su ne suka yi jiran.

Taylor ma abin dubawa ne. Manyan jami'o'in jiharsa ta Texas sun raina tsawonsa. A Nebraska ya shiga jerin gwanayen ƙasa a matsayin ɗan tsakiya a 1996, a matsayin dogari a 1997, ya kuma ci Outland a 1997, shekarar da ƙungiyar ta sake zama zakara tare da Michigan. A kakanni biyar na ƙarshen Osborne, nasara 60 aka yi, shan kashi 3.

Abin da muka fahimta a nan shi ne gogewa iri biyu ce. Akwai wadda ake ƙirgawa da yawan wasannin da mutum ya fara, ita ce 'yan jarida ke bugawa kafin kaka. Akwai kuma shekarun da mutum ya yi cikin tsari ɗaya, ƙarƙashin malami ɗaya, kafaɗa da kafaɗa da mutane iri ɗaya. Sahun 1995 ba shi da ta farkon sosai, amma ya ƙoshi da ta biyun.

Abin da aka biya

Rainon nan yana da farashi, kuma jikin yaran ne ya biya. Steinkuhler da kansa ya amsa daga baya cewa ya yi amfani da magungunan ƙara tsoka lokacin yana jami'a. Matsalar ta game wasan ne a shekarun 1980, har NCAA ta fara gwajin ƙwayoyi a 1986. Ga nauyin da ake ɗora wa gwiwa da zuciyar matashi. Ga karon kai, wanda ɗan katanga ke yi a kusan kowace dama, a wasa da atisaye, kuma maimaicin nan da ya gwanintar da shi shi ne ke damun masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. Sannan a bayan kowane Wilks akwai 'yan sa-kai da yawa da suka yi shekaru ana ture su a atisaye, da kuɗin iyayensu, ba su taɓa fara wasa ba, alhali tun 1962 tikitin filin jami'ar ƙarewa yake yi a kowane wasan gida.

Da bututun ya tsinke

Osborne ya ajiye aiki bayan kakar 1997, mataimakinsa Frank Solich ya gaje shi da tsari ɗaya. Tenopir ya yi ritaya bayan 2002, aka sallami Solich a 2003 duk da nasara 9 da shan kashi 3. Bill Callahan ya zo daga NFL a 2004 da tsarin da ya dogara da jifa, ya kuma rage yawan 'yan wasa. Abin lura, Callahan yana cikin ƙwararrun masu koyar da 'yan katanga da NFL ta sani. Ilimin yana nan ke nan. Abin da ya yanke shi ne ɗorewa: yaran da aka ɗauko aka raina don ture mutum gaba, aka wayi gari ana so su koyi ja da baya suna tsare madugu. Kakar 2004 ta ƙare da nasara 5 shan kashi 6, karo na farko tun 1961 da shan kashi ya fi yawa, jerin shekara 35 na zuwa wasan rufe kaka kuma ya tsaya.

Daga 1962 zuwa 1997 koci biyu suka riƙe ƙungiyar. Daga 1998 zuwa 2023 an naɗa shida. Kofin rukuninta na ƙarshe na 1999 ne, daga 2017 zuwa 2023 kuma kaka bakwai a jere shan kashinta ya fi nasara yawa. Dalilan suna da yawa. Kowace jami'a yanzu tana da ɗakin ƙarfe da kocinsa, talabijin na nuna kowa, ƙungiyar ta koma rukunin Big Ten a 2011. Amma duk sabon koci da sabon harshensa yake zuwa, ɗan katangar da ya yi shekara uku kuma ya koma ɗan koyo.

Zamanin sauya sheƙa

Dokokin yau sun ja abin ta fuska biyu. Tun 2018 mai jar riga yana iya buga wasa har huɗu ba tare da ya rasa shekararsa ba, wannan ya taimaki raino. Amma a shekarar aka buɗe rajistar masu neman sauya jami'a, a 2021 aka yarje musu bugawa nan take, aka kuma halatta wa ɗan wasa samun kuɗi da sunansa. A 2025 yarjejeniyar da kotu ta amince da ita ta sa iyakar mutum 105 ga ƙungiyoyin da suka shiga tsarin biyan 'yan wasa. Rundunar 'yan sa-kai irin ta Osborne ba ta da wuri a wannan lissafi. Ƙaramar jami'a kuma tana iya rainon yaro shekara uku, babba ta zo ta ɗauke shi ranar da ya nuna.

Shin ana iya sayen gogewa ke nan? Michigan ta ba da amsa mai amfani. Tun 2015 akwai kyautar Joe Moore, wadda ake ba sahun gaba dukansa a dunƙule. Michigan ta ci ta a 2021 da 2022. A 2022 ɗan tsakiyarta Olusegun Oluwatimi ne, wanda ya zo daga Virginia bayan kaka uku yana riƙe da gurbin a can, ya kuma ci Outland da Rimington a shekarar. Sai dai a cikin sahun da aka raina a gida aka dasa shi, tsakanin dogarai Zak Zinter da Trevor Keegan. Su biyun sun zauna har kakar 2023, wadda Michigan ta ƙare da kofin ƙasa.

Kenan ana iya sayen mutum ɗaya ko biyu da suka goge a wani wuri, su cike giɓi. Sanin juna na mutum biyar kuwa har yanzu a gida ake yin sa, kuma yana cin shekarun da ya ci a zamanin Alfson. Jami'ar da ke son irin sahun 1995 sai ta riƙe koci ɗaya, ta kuma shawo kan yaro ɗan shekara 19 ya zauna a benci alhali wata jami'ar na kiran sa da kuɗi a hannu. Nebraska ta wancan lokaci ba ta fuskanci wannan kiran ba.

Wanda ya samu damar kallon wasan, ya ɗauke ido daga ƙwallo na dama biyu ko uku, ya dubi masu lamba 50 zuwa 79. In ya ga takunsu na farko ya tashi tare, to ya tambayi shekara nawa suka yi a gida ɗaya.